Shamuwa, Jan Baki da Gawo: Kira ga Manoman Morai

Ya ku 'yan'uwa manoma na Talata Mafara, Bakura da Maradun. Ni malamin gona ne, aikina tsakanin gonakin tudu yake da filayen noman rani na Bakolori. Ina so mu yi magana kan alamun da tsuntsaye da itatuwa ke ba mu, domin mai lura da su ba ya noma da ka.

Mu fara da shamuwa. Idan muna rani tana kudancin Afirka, sai wajen Afrilu zuwa Mayu ta iso, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari. Dattawa sun yi gaskiya da suka ce zuwanta busharar damina ce. Sai dai bushara daban, ruwan shuka daban. Sau da yawa ruwan farko kan sauka, a yi mako biyu ko uku ba ɗigo, irin da aka zuba ya ƙone. In ka ga shamuwa, ka gama sharar gona, ka tanadi iri da taki, ka nemi hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara. Shuka kuwa sai an yi ruwa mai ƙarfi, ka tona ka ga danshi ya kai taƙi guda. Ita shamuwar fara da tsutsa take ci, don haka yaron da ya harbe ta da danƙo, gonar ubansa ya cuta.

Na biyu jan baki. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa da shinkafa suka samu rani da damina. Zalɓe da kirinjijiya sun ji daɗi, jan baki ma ya samu wurin zama. Kaɗa gwangwani da ihu tura shi gonar maƙwabci kawai suke yi. Abin da ke amfani shi ne a tsaya gab da magariba a ga inda garken ya nufa, domin wuri ɗaya suke kwana, galibi cikin duhuwar ciyayin bakin ruwa. Wanda ya gano makwancin ya sanar da mai gari da malamin gona tun shinkafa ba ta yi nono ba. A makwanci ake cin ƙarfinsu.

Na uku gawo. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin tumaki da shanu ne a bazara. Ku gwada zangarniyar da ke ƙarƙashinsa da ta fili, ku yi wa kanku alƙalanci.

Abin da ke damuna shi ne, tun da rashin tsaro ya hana shiga daji mai nisa, gatari ya dawo kan itatuwan gona da na bakin gari. Ana sare gawo, marke da kanya don itace da gawayi. Inda dogon itace ya faɗi, shamuwa ba ta da wurin sheƙa, iskar farkon damina kuma ta binne shuka da rairayi. Ungulun da ta cika mahautanmu a da, yau sai a yi wata ba a ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Maganin yana hannunmu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun fara sassaben zamani tun 1983: a bar kututture ya toho, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba dashe, ba ban ruwa.

Roƙona shi ne, bana kowa ya bar tohon gawo da kalgo a gonarsa. A kowane gida a samu ɗan makaranta mai rubuta ranar zuwan shamuwa, ranar ruwan shuka da ranar bayyanar jan baki. Iyaye a ja kunnen yara kan danƙo. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.