Sanin Nasaba: A Tambayi Tsofaffi Tun Suna Raye

 

Nasaba ita ce jerin iyaye da kakanni da mutum ya fito daga cikinsu. Malamai sun haɗu a kan nasabar Annabi (SAW) har zuwa Adnan, daga nan sama kuma suka tsaya, saboda ruwayoyi sun sha bamban. Darasi ke nan gare mu: a rubuta abin da aka tabbatar, a tsaya inda sani ya tsaya.

Me ya sa ya shafe mu?

Mu mutanen zango 'ya'yan matafiya ne. Fataucin goro ya kawo Hausawa Salaga a ƙasar Gwanja, yaƙin 1892 kuma ya watsa su zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. A nan Ankara, Malam Na'ino mutumin Katsina ne, ɗansa Malam Baƙo shi ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima kuwa ta soma ne a filin da Malam Amadu Futa ya samu wajen 1931. Sai ga dokar korar baƙi ta 1969, zamanin Busia, ta raba gidaje da yawa: wa ya koma Najeriya ko Nijar, ƙane ya zauna Mamobi. Yau jikokinsu za su iya haɗuwa a aikin Hajji, su yi sallah kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya san ɗan'uwansa ne. To, yaya za ka sada zumunci da wanda ba ka sani ba?

Ban da zumunci akwai hukunci. Ba a raba gado sai an san magada. Ba a ɗaura aure sai an tabbata babu haramci. A gidajen haya irin namu, mace takan shayar da ɗan maƙwabciyarta, alhali shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa. In tsohuwar da ta san zancen ta rasu ba a rubuta ba, wa zai faɗa?

Yadda ake binciken

1. Fara da kanka. Rubuta sunanka, na mahaifi da mahaifiya, sannan kakanni huɗu. Kada ka bi wajen uba kaɗai.

2. Je wurin mafi tsufa a dangi, musamman kakanni mata, don su suka riƙe wa ya auri wa, wa ya shayar da wa. Ka durƙusa ka gaishe su, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya a waya.

3. Tsofaffi ba su cika riƙe shekara ba, amma suna riƙe abin da ya faru. Ka ce, "Kaka, lokacin girgizar ƙasa kina ina?" Ita ce ta 1939. Haka samun 'yancin kai a 1957.

4. Nemi sunan yanka tare da laƙabi. Gida ɗaya yakan sami Muhammadu uku, laƙabi ne zai raba su. Laƙabi kuma yakan nuna hanya. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ana ce masa al-Kabawi, al-Kanawi, as-Salagawi: asalin gidansu Kabi, an haife shi Kano, ya zauna Salaga.

5. Duba gafaka da tsofaffin littattafan gida. Malaman da sukan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa a gefen takarda da Larabci ko ajami. Mu da muke iya karantawa, aikin namu ne. Tsagar fuska a tsohon hoto ma tana nuna gari.

6. Kowane labari ka sa sunan wanda ya ba ka, kamar yadda malaman hadisi suke yi da isnadi. In mutum biyu suka saɓa, rubuta duka biyun.

Gargaɗi

Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta koyar da mu cewa an yi ƙabilu ne domin sanin juna, fifiko kuwa na tsoron Allah ne. Saboda haka kada wani ya ƙago wa gidansu sarauta ko shariftaka. Jingina kai ga uban da ba naka ba babban zunubi ne. Salaga kasuwar bayi ce kuma, ba ta goro kaɗai ba. In bincike ya kai ka can, a gidanku ko gidan wani, ba abin gori ba ne. Abin da tsoho ya ce amana ce, kada ka sa shi a WhatsApp ɗin dangi.

In ka gama, ka karanta wa tsofaffin su gyara, sannan a yi kofe a raba a wurin suna ko ranar Sallah, a aika wa 'yan'uwa na nesa.

Aikin hutunmu ke nan: kowa ya dawo da sunayen kakanninsa huɗu da garin da kowannensu ya fito. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Amin.