Amsar Tambaya: Ana Iya Zuwa Abuja Daga Funtuwa A Dawo A Yini Ɗaya?

Tafiyar yini ɗaya daga Funtuwa zuwa Abuja mai yiwuwa ce, amma sai da sammako. Hanyar ta bi ta Zariya da Kaduna, fiye da kilomita 300, don haka wanda ke wajen gari, kamar mutumin Malumfashi, gara ya kwana a Funtuwa, ya kama motar asuba. Wanda ba ya son dogon zama a mota yana iya sauka a Kaduna ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa, wanda aka buɗe a 2016, ya sauka a Kubwa ko Idu. Sai dai a tanadi tikiti tun da wuri.

Matafiyi a mota zai fara cin karo da Dutsen Zuma kusa da Suleja, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100. Suleja ɗin ce Abujar asali ta Haɓen Zazzau, ta bar wa sabon birnin sunanta bayan gwamnatin Janar Murtala ta zaɓi wurin da za a gina shi a 1976. Sai ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta taso daga Legas.

Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali, tituna masu faɗi, unguwanni nesa da juna, ba ya yawatuwa da ƙafa, kuma an hana acaɓa a tsakiyarsa. Wuri uku sun isa: Babban Masallacin Ƙasa don sallar azahar, Millennium Park inda ake hango Dutsen Aso, sai Kasuwar Wuse. A riƙe katin shaida, kada a ɗauki hoto kusa da fadar shugaban ƙasa.

Kafin la'asar a kamo hanyar gida, domin tafiyar dare a wannan titi ba ta da daɗi.