Yadda Ake Cire wa Yaro Fitsari da Roba a Gida

Akwai jaririn da ake haifa da ƙullutu a gadon baya, wajen ƙugu, wani a rufe da fata, wani a buɗe yana tsatsar ruwa. Likitoci na kiran wannan lalura sifaina bifida: ƙashin baya ne bai gama haɗewa ba tun cikin kwana 28 na farkon shigar ciki, laka ta leƙo waje. Iyayen da Allah ya hore wa, daga Sabon Birni da Gatawa har Isa da Bafarawa, sukan kai jaririn Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, a rufe bayan. Da an dawo gida sai hankalin kowa ya koma kan ƙafafu, zai taka ko ba zai taka ba. Ba kasafai ake tuna mafitsara ba, alhali ta nan ɓarna ke shiga ƙoda ba tare da kowa ya lura ba.

Jijiyoyin da ke sarrafa mafitsara daga ƙasan laka suke fitowa, daidai inda ciwon yake. Mafitsara kamar salka take: ta cika, a kwance bakinta, a matse, a sake ɗaurewa. A jikin wannan yaro matsewa da kwancewa ba sa zuwa tare. Wani bakin a sake yake, fitsari na ɗiga dare da rana. Wani kuma, wanda ya fi haɗari, mafitsarar na matsawa bakin yana ɗaure, fitsari ya rasa mafita ya koma sama ya kumbura ƙoda. Don haka jiƙon tsumma ba shaida ba ce cewa mafitsara ta zube duka. Sau da yawa cika ta yi har ta tumbatsa. Karayar baya da tarin fuka na ƙashin baya su ma suna jawo haka.

Mafita ita ce a riƙa cire fitsarin da roba. A da ana ganin ba mai sa wa mutum robar fitsari sai ma'aikacin asibiti da kayan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. A 1972 wani likita a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa tsabtar ruwa da sabulu ta wadatar, muddin ana zubar da fitsarin a kan kari, domin daɗewarsa a ciki da cikar mafitsara fiye da kima su suka fi kawo cuta. Ga mutanen gabashin Sakkwato wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Wanda ya san halin da hanyar Isa zuwa Marnona ko ta Sabon Birni zuwa Goronyo ke ciki a shekarun nan ya san ba a ɗora ran yaro a kan zuwa asibiti kowane mako. Aikin dole ya koma hannun uwa.

Amma daga asibiti ake farawa. A yi wa yaron hoton ƙoda da mafitsara, likita ya zaɓi kaurin roba, ma'aikaciyar jinya ta yi uwa na kallo, sannan uwa ta yi da hannunta ana tsaye a kanta har hannun ya faɗa. Kada kowa ya koya daga takarda, har da wannan. Jariri yakan yi amfani da lamba 6, ɗan yaye zuwa ɗan makaranta lamba 8, wanda ya tasa 10 ko 12. A nemi robar filastik ko silikon, don yaran nan jikinsu yakan ƙi robar latek. Ina kuma roƙon a koya wa mutum biyu a gida ɗaya, uwa da kaka ko goggo, saboda ranar haihuwa da ranar zazzaɓi.

A gida, a tanadi buta da ruwa mai kyau, sabulu, tsumma wankakke, kofi mai alamar awo, da man santsi irin K-Y Jelly wanda ruwa ke wankewa. Ban da basilin, ban da man shanu ko man kaɗanya. Uwa ta wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu. Ta kwantar da yaron rigingine, ta wanke gabansa. Idan mace ce, daga gaba zuwa baya ake gogewa, kada a jawo dauɗar bayan gida. Ta shafa man a kan robar, ta riƙe ta nesa kaɗan da bakin da zai shiga.

Ga namiji, ta ɗaga gaban ya miƙe ya kalli sama, ta zura a hankali. Can ciki za ta ji ta ci karo da wani abu, wannan ne ɗaurin bakin mafitsara. Ta dakata, ta bar robar a wurin da ɗan dannawa mai laushi, ta yi wa yaron wasa ko ta ce ya ja numfashi, zai saki da kansa. Ƙarfi a nan yana yaga hanya. Idan ba a yi masa kaciya ba kuma an ja fatar baya, lallai a mayar da ita in an gama. Ga mace hanyar gajera ce, wahalar ita ce gano ƙofar: ƙaramar huda ce a sama da farji. A buɗe da yatsu biyu a wuri mai haske. In roba ta shiga fitsari bai fito ba, galibi ƙasa ta faɗa. A bar ta a nan ta zama alama, a ɗauki wata a nemi sama da ita.

Da fitsari ya fara zuba, a ƙara tura robar kaɗan, a sunkuyar da ɗaya bakin cikin kofi ƙasa da jikin yaron. A jira har ya tsaya. Sannan a riƙa jawowa sannu, in ya sake zubowa a dakata. Wannan ragowar ta ƙarshe ita ce matattarar cuta, kuma a nan mai gaggawa ke yin asara.

A wanke robar ciki da waje da ruwa da sabulu, a ɗauraye, a yarfe, a shanya a inuwa inda ƙuda ba ya kai, in ta bushe a sa a mazubi mai murfi. Ta yi tauri, ta tsage ko ta sauya launi, a yar.

Ana yin wannan duk awa 3 zuwa 4 da rana. Gidan da ba agogo, lokutan salla sun isa jagora: asuba, hantsi, azahar, bayan la'asar, sai lokacin kwanciya bayan isha'i. A riƙa duba awo. Likitoci na lissafa abin da mafitsarar yaro ke ɗauka da shekarunsa a ƙara ɗaya a ninka sau 30, wato ɗan shekara 4 wajen mililita 150. In abin da ke fita yana wuce haka a kai a kai, an bar tazara da yawa. Kuma kada a hana shi ruwa don a rage aiki.

Sau da yawa likita kan haɗa da maganin oksibutinin mai sassauta mafitsara. Yana busar da baki, yana kuma rage zufa, abin da ya kamata a kiyaye ƙwarai a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Gobir: yaro ya zauna a inuwa, ya sha ruwa. Maganin yana ƙara taurin bayan gida, wanda da ma yaran nan na fama da shi, kuma hanji in ya cika yana danne mafitsara. Kuka, kuɓewa, zogale da gwanda na taimakawa.

Wari ko gurɓacewar fitsari kawai, yaro na wasansa yana cin abinci, ba dalilin sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba ne. A ƙara ruwa, a matso da lokutan cirewa. Amma zazzaɓi, amai, ciwon kwiɓi, jini mai yawa, ko roba ta ƙi shiga sam, wannan na babban asibitin Isa ne ko na Sabon Birni a ranar, kuma a gaya musu a gwada fitsari, kada a tsaya kan maleriya kaɗai. Hoton ƙoda kuwa a maimaita shi duk lokacin da likita ya sa, ko da yaron na cikin ƙoshin lafiya.

Wajen shekara 6 zuwa 8, yaron da hannuwansa ke da lafiya yana iya koyon yi da kansa, ya tafi makarantar allo da ta boko ba zarni a jikinsa. Wanda hanyar fitsarinsa ta gagara, akwai tiyatar da likitan Faransa Paul Mitrofanoff ya bayyana a 1980, inda ake yi wa mafitsara sabuwar ƙofa ta ciki, sau da yawa a cibiya. Uwar kuma, kafin ta sake ɗaukar ciki, ta nemi likita ya rubuta mata folik asid mai ƙarfi. Sauran mata maikirogiram 400 ake ba su a rana, ita nata ya kai miligiram 4 zuwa 5, kuma tun kafin cikin ya shiga ake fara sha, domin ranar da za ta je awon farko gadon bayan jaririn ya riga ya gama haɗuwa.