Idan Dattijo Ya Ɓata Hanyar Gidansa: Darasi Kan Gigin Tsufa

 

'Yan uwa, kwanakin baya bayan sallar Isha'i, wani dattijo da tun ina yaro nake ganinsa a sahun farko ya tsaya a ƙofar masallaci yana dube-dube. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, ina ne hanyar gidana?" Gidan kuwa ko taku ɗari bai kai ba. Da na raka shi, 'ya'yansa suka ce ai an fi shekara yana haka, su dai sun ɗauka tsufa ne kawai.

To a nan kuskuren yake. Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci kuma suke kira dimenshiya, cuta ce da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Dubi tsofaffi nawa ne suka haura 90 da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne, wanda aka raɗa wa sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Alƙur'ani ya ambaci wannan matakin rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) yana neman tsari daga gare shi.

ALAMOMIN FARKO

Kowa yana mantuwa. Ka manta inda ka ajiye makulli, an jima ka tuna, wannan ba komai ba ne. Abin lura shi ne:

1. Manta abin da ya faru yanzu-yanzu, alhali labarin shekara 50 yana nan daram. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya yi tambaya ɗaya sau biyar.
2. Rikicewa a aikin da ya saba: lissafin kuɗi, girki, jerin alwala, adadin raka'o'i.
3. Ɓata a unguwarsa, ko ya kasa bambance Azahar da La'asar.
4. Kalma ta riƙa kuɓuce masa tsakiyar magana.
5. Ya ajiye kaya a inda bai dace ba, sannan ya ce an sace.
6. Canjin hali: mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai son jama'a ya daina fita.

Amma a kula. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin awanni ko kwana biyu, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, faɗuwar suga ko zazzaɓi mai tsanani.

ABIN DA KE ƘARA HAƊARI

Shekaru da gado ba a hannunmu suke ba. Sai dai kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce da za a magance su, da an kauce ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini, ƙiba, shan taba da giya, rashin motsa jiki, ciwon damuwa, buguwa a kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici, da raunin ji ko gani da ba a yi wa magani ba.

Ka ga ke nan kai ɗan shekara 40 darasin nan naka ne. Auna jininka, sha maganinka a kan ƙa'ida, sa hular kwano in za ka hau babur, ka riƙa tafiya a ƙasa. Tsohuwarka kuma in tana da yanar ido, a kai ta a cire. Kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki ta wuni ba mai ce mata uffan.

ME YA WAJABA A KANMU?

Na farko, asibiti da wuri. Wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 take, ko matsalar maƙoƙo, ko damuwa, ko wani magani da yake sha, kuma waɗannan ana warkewa. Ita Alzheimer har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, amma gano ta da wuri yana ba mutum damar rubuta wasiyya da bayyana basussuka tun hankalinsa na nan. A yi addu'a, a kuma nemi magani, duka biyun umarni ne.

Na biyu, mu san hukunci. Wanda hankalinsa ya gushe, babu sallah ko azumi a kansa, cinikinsa da sakinsa ba sa zartuwa. In yana dawowa hayyacinsa lokaci-lokaci, to ya yi sallar wannan lokacin. Zakkar dukiyarsa kuwa waliyyinsa ne zai fitar, a ra'ayin jumhur. Kada wani ya fake da halin da yake ciki ya sa shi dangwala hannu a takardar gida ko gona. Wallahi wannan zalunci ne.

Na uku, mu ji tsoron Allah game da tsofaffin matan da ake tsinta suna yawo suna surutai, a ce mayu ne har a jefe su. Da yawansu marasa lafiya ne da suka ɓata hanya. Ka ba ta ruwa, ka nemi danginta.

Na huɗu, haƙuri. In mahaifinka ya zarge ka da sata, ciwon ne yake magana. Kada ka yi musu da shi, ka taya shi nema. Sa masa takarda mai lambar wayarka a aljihu. 'Yan uwa kuma a riƙa karɓa-karɓa, kada a bar wa mace ɗaya jinyar har ita ma ta kwanta.

Shi ne ya amsa maka tambaya ɗaya sau goma kana yaro. Yau layi ya zo kanka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiyar da mu daɗin hankulanmu har ƙarshen rayuwa. Amin. A tura wa wanda ke da tsoho a gida.