Taswirar Zafi: Karanta Lissafi da Launi

Mai POS a bakin kasuwa yakan rubuta duk kuɗin da aka cira a wurinsa. Kafin wata uku littafi ya cika. Amma ka tambaye shi wace rana, kuma da wane lokaci, kuɗin hannu suka fi yanke masa, sai ya tsaya tunani. Amsar tana cikin littafin, lambobi ne suka yi wa ido yawa. Nan ne taswirar zafi ke da amfani.

Jadawali ne mai gida-gida, kowane gida an shafa masa launi gwargwadon lambar da ke cikinsa. Babbar lamba, launi mai duhu. Ƙaramar lamba, launi mai haske. Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun a 1873 wani Bafaranshe, Toussaint Loua, ya yi irinta don nuna ƙididdigar unguwannin birnin Paris.

Buɗe Excel ko Google Sheets. Jera ranaku daga sama zuwa ƙasa, Litinin har Lahadi. A layin sama rubuta lokuta: safe, hantsi, azahar, la'asar, magariba, bayan isha'i. A kowane gida sa jimillar kuɗin da aka cira. Sai ka zaɓi gidajen lambobi duka. A Excel, danna Conditional Formatting, sannan Color Scales. Nan take jadawali zai yi launi. Idan gidan la'asar na ranar kasuwa ya fi kowanne duhu, ka san lokacin da za ka tanadi kuɗi ke nan. Manyan kamfanoni kan ɗora irin wannan a allon bayanai na Power BI ko Tableau, inda launin ke sauyawa da zarar sabon lissafi ya shigo.

Sai dai a kula, launi bai san Sallah ba. Manhaja tana ɗaukar lamba mafi girma ta ba ta launi mafi duhu, sauran kuma ta auna su da ita. Idan cinikin jajibirin Sallah ya shiga, gida ɗaya zai yi duhu ƙirin, sauran su koɗe, ka ɗauka ba ka yi ciniki ba duk watan. Ware irin wannan rana gefe guda.

Ranar da ba ka buɗe shago ba, bar gidajenta babu komai. Kada ka sa sifiri, domin sifiri yana nufin ka zauna ba wanda ya zo.

Ni dai na fi son launi ɗaya, daga shuɗi mai haske zuwa mai duhu, maimakon haɗa ja da kore. Akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, kuma bai kamata a bar su a baya ba.

Aikin yi: ɗauki cinikin mako ɗaya, ka zana jadawalin a takarda, ka shafa gidajen da fensir.