Darasi na Tara: Idan Famfon Injin Gwaji Ya Tsaya

A ɗakin gwajin kayan gini akwai injin da ake auna ƙarfin kankare da shi. Ana zuba kankare a cikin 'yan akwatuna masu milimita 150 ta kowane gefe. Idan ya daskare, sai a cire shi a jiƙa a ruwa. Ran da ya cika kwana 28, a sa shi a injin, a matse shi har ya fashe. Da sakamakon nan ne injiniya yake sanin ko kankaren zai ɗauki nauyin bene ko gada. Saboda haka, idan injin ya tsaya a wannan rana, ba ƙaramar matsala ba ce.

Da mai injin yake aiki. Famfo yana zuƙo mai daga tanki, ya tura shi ƙarƙashin wani babban fistin. Tun ƙarni na 17 masanin Faransa Blaise Pascal ya nuna cewa idan aka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Haka ma jak ɗin mai yake ɗaga mota.

Na'urar sarrafawa ce take kunna famfon, ita ce kuma take kashe shi. Sau da yawa idan ta tsayar da shi ba lalacewa ta yi ba, wani haɗari ta gani. Ma'aikaci mai gaggawa yakan yi ta danna maɓalli, ko ma ya haɗa waya ya tsallake na'urar. Wannan ganganci ne, domin yana iya ƙona injin lantarkin da yake juya famfon.

Gwani yakan fara da abu mafi sauƙi. Shin wani ya danna jan maɓallin tsayawar gaggawa? An rufe murfin kariya sosai? Fis bai ƙone ba? Daga nan sai ya kasa kunne. Manyan injuna da layin wuta uku suke aiki. Idan ɗaya ya ɗauke, za a ji injin yana gurnani amma ba ya juyawa. Nan take a kashe shi, kada ya yi zafi.

Idan wuta lafiya take, sai a koma kan mai. Mai ya ragu a tanki? To, famfo zai zuƙi iska, ya yi ta ƙara. Matacin mai ya toshe da datti? Man zai kasa wucewa, famfo ya wahala. Abin mamaki, datti ƙarami wanda ido ba ya gani shi ne babban abokin gāban irin waɗannan injuna.

Kafin a kwance kowane tiyo, wajibi ne a kashe wuta, a kuma saki matsin da ya rage a ciki. Kada a laluba inda mai yake yoyo da hannu, domin mai mai matsi yana iya huda fata ya shiga jiki. Da ɗan kwali ake neman wurin.

Tambayoyi

1. A kwana na nawa ake matse kankaren?
2. Me gurnanin injin yake nunawa?
3. Yi jimla da kowace kalma: ganganci, laluba, toshe.