Ranar 31 Ga Watan Oktoba A Cikin Tarihi

Ɗalibai da yawa sun san ranar 1 ga Oktoba, amma ƙalilan ne za su iya faɗin abin da ya faru a ranar ƙarshe ta watan.

A ran 31 ga Oktoba, 1517, wani malamin tauhidi a jami'ar Wittenberg ta ƙasar Jamus, Martin Luther, ya aika wa babban bishop na Mainz wasiƙa tare da batutuwa 95. An ce ya kuma kafa su a ƙofar majami'a. Abin da ya dame shi shi ne takardun gafara da wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yake sayarwa, ana kai wani kashi na kuɗin Roma don ginin majami'ar Bitrus. Talaka ya ba da ɗan abin da yake da shi, ya koma gida yana zaton ya sayi sauƙin hukunci. Luther ya ce tuba ta gaskiya ba hajar kasuwa ba ce. Da Latin ya rubuta, don malamai su yi muhawara, amma masu ɗab'i suka baza maganar ko'ina. A 1521 Paparoma ya fitar da shi daga ikilisiya. Yana ɓoye a Wartburg ya fassara Sabon Alkawari da Jamusanci, aka buga a 1522. A ganina wannan aikin ya fi batutuwan nan 95 amfani ga mai bi, gama mu ma sai a 1932 muka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa.

Gardamar ta daɗe ƙwarai. Sai a ran 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a kan takarda ɗaya game da barata ta wurin bangaskiya. Shekara 482 ke nan!

Ranar tana da baƙin ciki ma. A 1984 masu gadinta biyu, 'yan addinin Sikh, suka harbe Indira Gandhi, Firayim Ministar Indiya, saboda farmakin da sojoji suka kai haikalinsu a Amritsar. Dubban 'yan Sikh da ba su san hawa ba balle sauka suka rasa rayukansu a ramuwar gayya.

'Yan ajin adabi su tuna an haifi mawaƙin Ingila John Keats a wannan rana a 1795. Shekararsa 25 ya rasu. A nan gida kuwa, ran 31 ga Oktoba, 1959, aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a Ibadan, zamanin Cif Obafemi Awolowo.